Wanda ya ce "in nufinka ne" bai rasa bangaskiya ba

A wani taron addu'a da na halarta kwanan baya, wata dattijuwa ta miƙe tana roƙa wa mijinta. Likitoci sun yanki ɗan wani abu daga jikinsa sun kai gwaji, iyalin kuma suna zaman jira, ba su san ko cutar daji ce ko ba ita ba ce. Muryarta na rawa ta ce, "Ya Uba, ka warkar da bawanka. In kuwa nufinka dabam ne, ka ba mu ƙarfin ɗauka."

Ba ta kai ga Amin ba mai jan addu'ar ya tare ta. Matashi ne, sa'ar ɗan cikinta. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ki janye wannan maganar ta ƙarshe. A nan ba ma buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Ki furta da bakinki cewa Baba ya riga ya warke." Jama'a suka amsa da Amin mai ƙarfi. Ta sunkuyar da kai, ta maimaita abin da aka sa mata a baki, ta zauna.

Abin ya tsaya mini a wuya.

A ganina addu'ar da matar nan ta fara yi ita ce addu'ar Kirista, gyaran da aka yi mata kuwa ɓarna ce. Dogara ga Allah, sa'ad da ba ka san abin da gobe za ta haifa ba, ba ta bukatar ka rantse wa kanka cewa ka san sakamakon. Ka roƙi abin da kake so ba kwana-kwana, ka gaya wa Allah tsoron da ke cinka, sa'an nan ka bar hukunci a hannun mai hukunci. Koyarwar da ta mai da "in nufinka ne" alamar raunin bangaskiya tana jibga wa mutane kaya ne a daidai lokacin da wuyansu ya gaji.

Dalilin da muke son mai ba mu tabbaci

Ban ɗauki matashin nan mugu ba. Jira ne yake da ciwo, kowa kuma yana neman wanda zai rage masa shi. Ma'aikacin da aka gaya wa za a sallami wasu a ƙarshen wata amma ba a faɗi sunaye ba, da uwar da ɗanta ya yi tafiya wayarsa ta daina shiga, sun san abin da nake nufi. Har za ka ji mutum na cewa, "Gara a faɗa mini ko mene ne, in san inda na dosa."

Masu bincike ma sun auna wannan. A 2016 wasu masana a jami'ar UCL da ke Landan suka fitar da sakamakon wani gwaji. An sa mutane wani wasa a kwamfuta suna ɗaga duwatsu, duk wanda ya ɗaga ya tarar da maciji sai lantarki ya ɗan fizge shi a hannu. Da aka duba gumin jikinsu da buɗewar ƙwayar idonsu, sai aka ga hankalinsu ya fi tashi lokacin da abin yake rabi da rabi, fiye da lokacin da suka tabbata za a fizge su. Ashe jikin ɗan Adam ya gwammace mugun labari tabbatacce da zaman ɗar-ɗar.

Shi ya sa duk wanda ya zo da tabbaci ba ya rasa masu sauraro, kuma ba yau aka fara ba.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashi sarki Yekoniya da fadawansa da masu sana'ar Urushalima zuwa Babila, ya haɗa da kayayyakin Haikali. Waɗanda aka kwasa da waɗanda aka bari duk tambayarsu ɗaya ce: yaushe abin nan zai ƙare? Sai ga wani annabi, Hananiya, ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a ya ce nan da shekara biyu komai zai dawo. Bai tsaya nan ba, ya cire karkiyar itacen da annabi Irmiya ke ɗauke da ita a wuya ya karya ta a idon kowa. Wa zai ƙi jin irin wannan wa'azi? Irmiya kansa ya ce Amin, Ubangiji ya sa haka. Amma ya san abin da rai ke so daban, abin da Allah ya faɗa daban. Hananiya bai ga ƙarshen shekarar ba, bayan 'yan shekaru kuma aka rushe Urushalima gaba ɗaya.

Wasiƙar da Irmiya ya aika wa 'yan bauta a sura 29 ba ta da daɗin ji. Shekara 70 za ku yi. Ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku yi aure ku aurar, ku roƙa wa birnin da ya cinye ku zaman lafiya. A tsakiyar wannan wasiƙa ne aya ta 11 take, wadda muke tura wa juna ta waya duk lokacin da wani ya shiga damuwa, inda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi dominsu, shirin alheri ba na masifa ba. Ayar gaskiya ce, ina kuma riƙe da ita. Sai dai duk wanda ya fara jin ta yana ɗan shekara 30 ya san da wuya ƙafarsa ta sake taka gida. Alkawarin alheri da labarin shekara 70 a takarda ɗaya suka iso.

"Ai Yesu ne ya ce ku gaskata kun riga kun samu"

Wannan ita ce babbar hujjar masu ja da ni, ba kuma ƙarama ba ce. Markus 11:24 yana nan daram: duk abin da kuka roƙa cikin addu'a, ku gaskata kun samu. Yakubu 1:6 ma ya ce a roƙa ba tare da shakka ba. Ba zan yi kamar ban gan su ba.

Amma Markus ɗin da ya rubuta sura 11 shi ne ya rubuta sura 1, inda wani kuturu ya durƙusa gaban Yesu ya ce in ka yarda, kana da ikon tsarkake ni. Yesu bai ce masa ya janye ba. Ya miƙa hannu ya taɓa shi, ya ce ya yarda. Kuturun bai yi kokwanton iko ba. Nufi ne bai sani ba, bai kuma yi ƙaryar ya sani ba.

A sura 9 akwai uban yaron nan da aljani ke kayarwa cikin wuta da ruwa tun yana ƙarami. Shi kam Yesu ya tanka masa, domin abin da ya ce shi ne "in za ka iya". Ikon ya taɓa. Kowa na iya ganin bambancin mutanen nan biyu. To amma me uban ya yi bayan an tanka masa? Bai gyara murya ya fara furta abin da ba ya ji ba. Ihu ya yi cewa ya ba da gaskiya, a taimake shi da rashin bangaskiyarsa. Rabi da rabi ya kawo, a fili ya ajiye, aka kuma warkar masa da ɗa.

Sai sura 14, sura uku kacal bayan ayar da ake kafa hujja da ita. Wanda ya faɗi Markus 11:24 da bakinsa yana ƙasa a Getsamani, ransa na shan wahala har kamar ya mutu. Ya ce wa Uba kowane abu mai yiwuwa ne a gare shi, ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon nan, sa'an nan ya ce ba nufinsa ba, sai na Uba. Matiyu ya ce sau uku ya yi wannan addu'a. In har "in nufinka ne" buɗe wa Shaiɗan ƙofa ce, sai a gaya mana wa ya fara buɗe ta. Ba a kuwa ɗauke ƙoƙon ba.

Yakubu kuma, a koma baya aya ɗaya. Abin da ya ce a roƙa ba shakka hikima ce, wadda Allah ya riga ya ce yana bayarwa hannu sake. Shi dai wannan Yakubu, a sura 4, ya tsawata wa masu cewa gobe za mu je gari kaza mu yi shekara muna ciniki mu ci riba. Ya ce ba ku san gobe ba, ku riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. Inda Allah ya yi alkawari, kamar gafara da hikima da kasancewarsa tare da mu, kokwanto raini ne. Inda bai yi ba, kamar ranar da za a kira ka aiki ko abin da takardar gwaji za ta nuna, rantsuwa a madadinsa shisshigi ne.

Labarin da ya fi gamsar da ni yana cikin Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya sa Bitrus a kurkuku, sojoji 16 ke gadinsa bi da bi, an ɗaure shi da sarƙa biyu tsakanin soja biyu. Ikkilisiya ta taru a gidan Maryamu uwar Yahaya Markus tana addu'a ba ji ba gani. Mala'ika ya fito da shi cikin dare, ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ake yi masa addu'a. Wata baranya mai suna Roda ta gane muryarsa, don murna ta manta ta buɗe, ta sheƙa ciki da labari. Me jaruman addu'a suka ce mata? Kin haukace. Da ta nace, suka ce to mala'ikansa ne. Bitrus kuwa yana waje yana ta bugawa.

Ga mutanen da suka kwana suna roƙo amma ba su sa ran amsa za ta zo da ƙafarta ba. Da ƙarfin tabbacin mai roƙo ne ke buɗe kurkuku, da Bitrus bai fito ba.

"Wannan ai mafakar ragwaye ce"

A nan kam suna da rabon gaskiya, ba zan hana su ba.

Akwai masu fakewa da "nufin Allah" don kada su roƙi komai. Addu'arsu ba ta da fuska: ka albarkace mu, ka yi yadda ka so, Amin. Tsoron kunya ne, kada su ambaci abu ya ƙi zuwa. Akwai kuma masu naɗe hannu, ba su rubuta takardar neman aiki ba, ba su je asibiti ba, ba su nemi sulhu da matar da ta yi yaji ba, in ka tambaya su ce sun bar wa Allah. Wannan ba dogara ba ce, lalaci ne ya sa rigar ibada.

Amma a duba yadda Yesu ya jera addu'arsa. Roƙo ya fara yi, takamaimai, ba kunya: a ɗauke ƙoƙon. Miƙa wuya daga baya ta zo. Wanda bai roƙi komai ba, me zai miƙa? Makaho Bartimawas ma sai da Yesu ya tambaye shi abin da yake so a yi masa, alhali kowa na ganin idonsa. Haka kuma ya ba da misalin gwauruwar da ta dami alƙali har ya gaji ya bi mata hakkinta, don a riƙa addu'a ba fasawa.

Batun naɗe hannu kuwa, ai mun saba cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Nehemiya da mutanensa, da suka ji ana shirin kawo musu hari suna tsakar ginin garun Urushalima, suka yi addu'a suka kuma sa masu tsaro dare da rana, duka a aya ɗaya. Bulus a cikin jirgin ruwan da guguwa ta yi ta jifa da shi har dare 14, da mutum 276 a ciki, mala'ika ya riga ya gaya masa ba wanda zai mutu. Duk da haka, da ya ga matuƙan suna shirin sulalewa da ƙaramin kwalekwale, sai ya ce wa jarumin sojan in waɗannan ba su zauna ba, ba za ku tsira ba. Mutumin da ke da alkawari a hannu ke nan, balle mu da ba mala'ikan da ya zo mana.

A 1527 annoba ta shiga garin Wittenberg na ƙasar Jamus. Jami'ar garin ta tattara ta koma Jena, mai mulkin yankin ya nemi Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya, ya bi su, ya ƙi. Ya zauna tare da matarsa Katharina tana da ciki, gidansu ya koma wurin jinya. Da aka tambaye shi ko ya halatta Kirista ya guje wa annoba, amsar da ya rubuta ta haɗa duka biyun: zai roƙi Allah ya kare su, sa'an nan ya turara gida, ya sha magani ya ba wasu, ya guji wuraren da ba a bukatarsa don kada ya ɗauka ya shafa wa wani, amma in maƙwabci na bukatarsa zai je. Masu ƙin magani da sunan bangaskiya kuwa, ya ce gwada Allah suke yi.

Abin da na lura da shi ma, koyarwar "furta ka samu" ita ce ta fi sa mutane naɗe hannu. Wanda aka tabbatar masa ya riga ya warke, me zai koma yi wurin likita? Komawar ma sai ta zama kamar ƙaryata abin da ya furta.

"Kuka gaban Allah ai gunaguni ne"

Wannan hujjar ba a cika faɗinta da baki ba, a fuska ake nuna ta. Mutum ya fara cewa "Ya Allah, na gaji, ban gane ba", sai ka ga ana motsa kujeru, wani ya yi maza ya ɗauko waƙa.

Zabura 150 ne a Littafi Mai Tsarki, masana kuma sukan lissafa kusan kashi ɗaya cikin uku a matsayin koke-koke. Zabura 13 ta buɗe da "har yaushe" sau huɗu a jere. Habakuk ya fara littafinsa da tambayar Allah dalilin da yake ta kuka ba a ji. Zabura 88 ta fi su duka. Sauran sukan juyo su yi yabo kafin su rufe, ita ba ta juyo ba, da duhu ta ƙare. An kuma bar ta a littafin waƙoƙin jama'ar Allah, ba wanda ya goge. Yesu a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kuka, yana tambayar don me aka yashe shi.

Gunagunin da ya jawo wa Isra'ilawa hukunci a jeji wani abu ne dabam. Su a tsakaninsu suke maganar Allah da Musa, fuskarsu na kallon Masar. Mai zabura Allah yake fuskanta, da shi yake yi. Ba ka kai ƙara wurin wanda ka fid da rai da shi. Habakuk ɗin nan da ya fara da ƙorafi shi ne ya rufe da cewa ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da komai ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Ubangiji. Ta hanyar sura 1 ya isa sura 3. Mu kuwa so muke mutane su yi tsalle su dira a ƙarshe.

"To in ba ta ba da tabbaci, me ye amfaninta?"

Wannan tambaya daga ɓangare biyu take zuwa, abin mamaki. Marar addini yakan yi ta, mai "furta ka samu" ma yakan yi ta.

Marar addini yana da bincikensa. A 2006 aka buga sakamakon wani babban nazari a Amurka, ƙarƙashin Dakta Herbert Benson na Harvard, kan mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya a asibitoci 6. Aka raba su uku. Cikin waɗanda ba su san ko ana yi musu addu'a ba, kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun sami matsala bayan tiyata, waɗanda ba a yi wa ba kuma kashi 51. Ba wani bambanci ke nan. Waɗanda aka tabbatar musu ana yi musu addu'a kuwa, kashi 59.

Sakamakon nan bai girgiza ni ba, domin gwajin ya ɗauki addu'a tamkar ƙwayar magani, a ba wannan a hana wancan a ƙirga. Wanda ya kamata ya girgiza shi ne mai wa'azin da ke cewa in ka faɗi kalmomin daidai da ƙarfin da ya dace, dole abin ya faru. Shi da masu gwajin fahimtarsu ɗaya ce. Kirista kuwa da Uba yake magana, uba kuma yana da "i", yana da "a'a", yana da "dakata".

Bayan da aka washe birnin Roma a shekara ta 410, wata gwauruwa mai dukiya da ake kira Proba ta tsere zuwa Arewacin Afirka. Ta tambayi Agustin, bishop na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, yadda za ta yi addu'a. A amsarsa ya ce ba don mu sanar da Allah abin da bai sani ba muke roƙo, sai don zuciyarmu ta buɗe ta iya karɓar abin da yake shirin bayarwa. Ya kuma tsaya a kan Romawa 8:26, cewa ba mu san abin da ya kamata mu roƙa ba, musamman cikin wahala, domin wahalar da muke roƙo a ɗauke tana iya zama mai amfani ko mai cutarwa, mu ba mu sani ba. Misalin da ya kawo shi ne Bulus, wanda ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi.

Wanda za a yi wa tiyata yakan sa hannu a takardar amincewa bai san yadda zai farka ba. Likitan kirki ba ya ce masa ɗari bisa ɗari, wanda ya ce haka ma shi ne abin gudu. Sanin likitan ne ke sa shi kwanciya a gadon.

Haka na fahimci Filibiyawa 4:6-7. Bulus a ɗaure ya rubuta ta, a sura 1 ma yana auna rayuwa da mutuwa. Ya ce kada a damu da komai, a kai wa Allah roƙo tare da godiya. Abin da ya ce zai biyo baya shi ne salamar Allah za ta tsare zukata da tunani. Bai ce za a ba ka duk abin da ka lissafa ba. Wanda ya taɓa farkawa tsakar dare tunani ɗaya na ta zagaya masa kai, ya lissafa bashi ya sake lissafawa, ya ɗauki waya ya ajiye, ya san tsaron tunani ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma rabon yini ɗaya ake bayarwa. Manna a jeji kullum ake fita tara ta, wanda ya ajiye ta kwana sai ta yi tsutsa ta yi wari, in ban da daren Asabar. Shekara 40 a haka. Addu'ar da Yesu ya koya mana ma abincin yini ta roƙa. Don haka wanda ya miƙa damuwarsa jiya ya tashi yau ya tarar ta dawo, ba gazawa ya yi ba. Ya sake miƙawa. Sarki Yehoshafat, da rundunar Mowab da Ammon suka taso masa, ya tsaya gaban jama'arsa duka ya ce wa Allah ba mu da ƙarfi, ba mu san abin da za mu yi ba, kai muke zuba wa ido. Shugaba ne, a bainar jama'a, yana cewa bai sani ba. Addu'ar nan ta ishi mutum ya kwana da ita.

Ranar da wanda aka roƙa wa bai tashi ba

A nan ne ake gane nauyin kowace koyarwa.

Mai jan addu'a ya furta, jama'a sun yi Amin, kowa ya koma gida. In mara lafiya ya tashi, an sami shaida. In bai tashi ba, lissafin dole ya faɗa kan wani, tunda ba za a ce Allah ne ya gaza ba, ba a kuma taɓa jin mai wa'azin ya ce shi ne. Saura wa? Na ji tambayar daga bakin wani uba da ya binne ɗansa: "Ko ni ne ban ba da gaskiya sosai ba?" Ga makoki, ga zargin kai. Wasu daga nan suke daina zuwa sujada, ba don sun ƙi Allah ba, sai don an gaya musu ya yi alkawarin da bai taɓa yi ba. Yaran gidan ma suna ji, suna kuma ajiyewa.

Shadrak da Meshak da Abednego, a bakin tanderu, sun ce wa sarkin Babila Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Mukan so labarin saboda sun fito. Amsar da suka bayar kuwa ta mutanen da suka shirya wa duka biyun ce.

Sura 12 ɗin nan ta Ayyukan Manzanni da Bitrus ya fito daga kurkuku, da kisan Yakubu ɗan'uwan Yahaya ta buɗe, Hirudus ya sa aka sare shi da takobi. Ikkilisiya ɗaya, sarki ɗaya, manzo biyu, Luka marubucin littafin kuma bai ba da dalili ba. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda ta wurin bangaskiya suka tsere wa kaifin takobi, aya uku a gaba ta lissafa waɗanda aka kashe da takobi, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Fasto Dietrich Bonhoeffer na ƙasar Jamus, wanda ya rubuta wa 'yan'uwansa fursunoni addu'o'in safe da yamma a kurkukun Tegel a 1943, an rataye shi a sansanin 'yan Nazi na Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu 1945, mako biyu kafin sojojin Amurka su iso sansanin. Wa zai buɗe baki ya ce furci ne bai iya ba?

Roƙona ga masu jan addu'a shi ne su bar mutane su gama addu'arsu. Su riƙa karanta Zabura 13 da 88 a sujada, don mai baƙin ciki ya san akwai wurinsa a cikin littafin. In sun je gaida mai jinya ko mai makoki, su roƙa masa da dukan zuciya, su riƙe bayanin da ba a tambaye su ba.

Abokan Ayuba uku sun yi daidai kwana 7 na farko, da suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki ne suka fara lissafa masa dalilan da suka sa ya cancanci abin da ya same shi, shi kuwa yana ta kuka yana neman Allah ya amsa masa. A sura 42 Allah ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikin abokan, fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Su masu bayanin aka umarta su ɗauki bijimai 7 da raguna 7 su tafi wurin Ayuba ya yi musu addu'a, domin tasa ce Allah ya ce zai karɓa.